Zaurancen Na'ura: Yadda Mutane Ke Auna Haɗarin Saƙon da Ba Su Gane Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar mai POS ya san wannan ɗan shirun. An zura kati, an danna lambobin sirri huɗu, mai kati da mai rumfa duk sun zuba wa na'ura ido. Can sai ta turo 'yar siririyar takarda. Babu kuɗi, babu bayani, sai lamba 91 da kalmomin Turanci huɗu: "Issuer or switch inoperative". Mai rumfa ya duba, ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, sabis ne." Shi kuwa Alhaji tambaya ɗaya ce a bakinsa, kuma ita ce takardar ba ta amsa ba: an cire ko ba a cire ba?

Lambar ba haka kawai ta faɗo ba. Ta fito ne daga ƙa'idar ISO 8583, wadda aka fara wallafawa a 1987 domin na'urorin bankuna su riƙa fahimtar juna. A wannan tsari, 00 na nufin ciniki ya faɗa, 51 kuɗin asusu bai kai ba, 55 an yi kuskuren lambar sirri, 05 kuma banki ya ƙi ba tare da ya faɗi dalili ba. Ita 91 cewa take yi an ƙwanƙwasa ƙofar bankin da ya ba da katin, ko ta dillalin da ke tsakani, ba a ji motsin kowa ba. Wani lokaci saƙon bai ma isa bankin ba, don haka ko kwabo bai fita ba. Wani lokaci kuma ya isa, banki ya cire kuɗi, amsar ce ta ɓace a hanyar dawowa. A duka biyun takarda iri ɗaya ake miƙa wa mutum.

'Yan Najeriya sun sha karatun waɗannan lambobi a farkon 2023, lokacin da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, a zamanin Godwin Emefiele a Babban Banki, ya jawo ƙamfar tsabar kuɗi. Mai tumatir da mahauci da direban adaidaita sahu duk suka koma karɓar turansfa, hanyoyin bankuna suka cushe, kowa ya zama alƙalin kansa. In sake turawa ko in jira? In ba da kayan ko in riƙe har alat ya shigo?

Wannan hukunci na daƙiƙa biyar shi ne masu binciken tsaron kwamfuta suka shafe shekaru suna nazari a kansa, daga jami'o'in Amurka har ofisoshin Google da Microsoft. Abin da suke tararwa a kai a kai shi ne ƙarar saƙo da girman haɗarinsa ba su cika tafiya tare ba. Akwai mai kururuwa da jan launi a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Akwai kuma mai lallausar murya alhali bakin rami ake.

Allin tela

Saƙonnin kuskure na farko ba don jama'a aka yi su ba. Mai rubuta manhaja ne ke barin wa kansa alama, kamar yadda tela ke ja wa yadi alli, don in abu ya ɓaci ya san inda zai duba. Kwamfutocin wancan zamani ba su da wurin ajiye dogon bayani, lamba ta fi jimla arha. Da kwamfuta ta fito daga ɗakin gwaji ta shiga ofis, ta shiga gida, ta shiga aljihu, sai ta taho da allin a jikinta, ba a goge ba.

Lamba 404 da ake yawan gani a intanet tana cikin jerin da Tim Berners-Lee da abokan aikinsa suka tsara a farkon shekarun 1990 a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba. Lambobin da suka fara da 4 suna nuna cewa tangarɗar daga ɓangaren mai nema take, waɗanda suka fara da 5 kuma daga ɓangaren mai shafi. Abin da 404 ke faɗa kawai shi ne shafin da ake nema ba ya wannan adireshi. Ba ruwanta da bairos, ba ta taɓa wayar kowa. Amma inda babu bayani labari ba ya wuyar tsirowa: an daɗe ana yaɗa cewa lambar wani ɗaki ce a CERN, zancen da Robert Cailliau, abokin aikin Berners-Lee, ya ce ba shi da tushe.

Masu amfani da Windows 95 kuwa sun sha ganin akwatin da ke sanar da su cewa manhajarsu ta aikata haramtaccen aiki, za a rufe ta. A bakin injiniya, haramtacce a nan na nufin manhajar ta ba da umarnin da injin bai gane ba, ko ta taɓa ma'ajiyar da ba tata ba. A kunnen sabon ɗan koyo, kalmar kotu da ɗan sanda take tunatarwa. Tsofaffin firintocin HP LaserJet su ma suna da nasu zaurancen, "PC LOAD LETTER", wanda mai ɗan Turanci zai ɗauka ana cewa kwamfuta ta ɗora wasiƙa. Alhali harufan farko sunan tiren takarda ne, kalmar ƙarshe kuma sunan girman takardar da ake amfani da ita a Amurka. Firintar cewa take yi an aiko mata aikin da aka auna da takardar Amurka, ita kuwa A4 ce a cikinta, irin wadda ake sayarwa a kowane shagon buga takardu daga Kano har Yamai. Sai kuma wanda ya zama abin barkwanci a duniyar kwamfuta: injin ya tashi bai ga allon madannai ba, sai ya rubuta cewa a danna F1 don a ci gaba.

Na aljihu shi ne wanda masu wayar Android ke gani in sun danna lambar duba kuɗi ko sayen data, mai cewa an sami matsalar sadarwa ko lambar MMI ba daidai ba ce. A Nijar da Faransanci yake zuwa, bai kuma fi sauƙin ganewa ba. MMI taƙaitaccen sunan lambobin nan ne masu farawa da tauraro su ƙare da alamar tsani. Yawanci ma'anarsa ita ce kamfanin layi bai amsa a kan lokaci ba, ko an danna lambar a layin da ba nata ba. Wayar lafiyarta ƙalau. Sai dai idan lambar ta tura kuɗi ce, an koma tambayar Alhaji.

Takardu biyu

Labarai biyu ne masu koyar da wannan fanni ba sa tsallakewa, kuma a kowanne akwai lamba a allo da takarda a gefe.

Ranar 20 ga Yuli 1969, ƙaramin kumbon Eagle na tafiyar Apollo 11 yana gangarawa duniyar wata, saura kimanin ƙafa dubu 33 ya taɓa ƙasa, sai kwamfutarsa ta yi ƙara ta nuna 1202. Neil Armstrong da Buzz Aldrin ba su san ma'anar lambar ba. Armstrong ya nemi cibiyar Houston ta ba shi bayani, da muryar da ba ta bar shakkar cewa da gaggawa yake so ba. Hukuncin a ci gaba ko a fasa sauka ya faɗa kan Steve Bales, mai shekara 26. A wani ɗaki na baya kuma akwai Jack Garman, mai shekara 24, da wata takarda da ya rubuta da hannunsa a kan teburinsa.

Takardar tana da tarihi. 'Yan kwanaki kafin tashi, a wani atisaye, masu horarwa sun jefo irin wannan lamba, Bales ya ce a fasa sauka, daga baya aka nuna masa cewa bai kamata ba. Daraktan tafiyar, Gene Kranz, ya ba da umarnin a zauna a rubuta kowace lamba da abin da za a yi in ta fito. Garman ya yi hakan. Don haka da 1202 ta bayyana a ranar gaske, ya duba ya ga ma'anarta: aiki ya yi wa kwamfutar yawa, tana zubar da ƙananan ayyuka tana riƙe manya, kamar yadda tawagar Margaret Hamilton a jami'ar MIT ta tsara mata. Muddin ƙarar ba ta zama babu ƙaƙƙautawa ba, a ci gaba. Sau biyar ƙararrawar ta buga, 1202 sau huɗu da 1201 sau ɗaya, kuma daga baya aka gano cewa wata na'urar rada ce ke cinye wa kwamfutar lokaci. Kumbon ya sauka lafiya.

Labari na biyu ya faru ne ranar 21 ga Maris 1986 a wata cibiyar jinyar cutar daji da ke garin Tyler a jihar Texas. Injin gashi mai suna Therac-25, ƙirar kamfanin AECL na ƙasar Kanada, shi ake amfani da shi. Ma'aikaciyar da ke sarrafa shi gwana ce, hannunta na gudu a kan madannai. Ta danna harafin da ba shi ba, ta gyara nan take, ta kunna. Injin ya tsaya ya rubuta "Malfunction 54", wato tangarɗa ta 54, ya kuma nuna cewa hasken da ya fita bai kai ko kusa da abin da likita ya rubuta ba.

Ita ma akwai takarda a jikin injinta. Abin da takardar ta ce game da 54 kalmomi uku ne na zaurance da ba su bayyana komai ba, littafin injin kuma bai yi bayanin lambobin ba. Ga shi injin ya saba tsayawa haka, wasu ranakun sau da dama, kuma an nuna wa ma'aikata cewa ba ya iya wuce gona da iri. Abin da aka saba yi shi ne a danna harafin P a ci gaba. Ta danna. A ranar na'urar ganin majiyyaci ba a jone take ba, ta magana kuma ta lalace, don haka ba ta san mutumin da ke ciki ya riga ya ji kamar an jona masa wutar lantarki ba, yana ƙoƙarin tashi, sai da ta ji yana dukan ƙofa. An rubuta masa rad 180. Ƙiyasin da aka yi daga baya ya nuna abin da ya shige shi ya kai tsakanin rad 16,500 da 25,000. Ya rasu bayan wata biyar. Makonni uku bayan haɗarin farko, lambar ta sake fitowa a kan wani majiyyaci a wannan cibiya, shi ma bai yi rai ba.

Haɗurra shida aka ƙirga wa Therac-25 tsakanin 1985 da 1987. Binciken da Nancy Leveson da Clark Turner suka wallafa a 1993 ya nuna cewa saurin gyara rubutu cikin daƙiƙa takwas ne ke rikita manhajar injin a Tyler. Ma'aikaciyar ta yi abin da gogewa ta koya mata. Garman ma haka. Dukansu sun ga lambar da ba ta bayyana kanta ba, dukansu sun ce a ci gaba. Abin da ya raba su shi ne abin da aka rubuta a takardar da ke gefensu.

Sabo turken wawa, ko lissafin mai hankali?

Mai waya a kasuwa ba shi da takardar Garman. Da me yake auna saƙo? Da launi, da ƙara, da abin da ya faru wancan karon da ya danna, da kuma bakin wanda ya fi shi sani: yaron gida mai ƙwaƙwalwar waya, ko mai gyara a kasuwar Farm Centre ta Kano da ire-irenta. Maganin farko a ko'ina ɗaya ne, kashe ka kunna. In bai yi ba, a ce sabis ne. In ya ci tura, a ce bairos ne, sai fulashin.

A 2013 Devdatta Akhawe na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley da Adrienne Porter Felt ta Google suka auna abin da mutane ke yi a zahiri, daga gargaɗi sama da miliyan 25 da burauzar Chrome da Firefox suka nuna. Idan gargaɗin ya ce shafi na ɗauke da mugunyar manhaja ko na 'yan damfara ne, yawancin mutane suna juyawa: kimanin ɗaya cikin goma ne ke kutsawa a Firefox, kimanin ɗaya cikin huɗu a Chrome. Amma gargaɗin da ke cewa takardar shaidar shafi ba ta inganta ba, kashi 33 cikin ɗari ne suka tsallake shi a Firefox, a Chrome kuwa kashi 70. Kalmar damfara kowa ya san ta. Takardar shaidar shafi kuwa, wa ya taɓa ganinta?

Tun 2009 Cormac Herley na sashen binciken Microsoft ya ce a daina ɗora wa jama'a laifin wauta. Hujjarsa ita ce kusan duk gargaɗin takardar shaida da mutum zai gani a rayuwarsa ba ɓarawo ne ya jawo shi ba, sakacin masu shafi ne ko wata tangarɗa. Wanda ya tsallake sau ɗari bai ga komai ba, lissafi ne ya yi, kuma lissafin nasa na kan hanya, sai dai ranar da aka yi rashin sa'a. Wani binciken Google na 2017, a kan rahotannin kuskure sama da miliyan 300, ya gano cewa fiye da rabin irin wannan gargaɗi daga na'urar mai amfani ko hanyar sadarwarsa yake tasowa. Babban mai laifi a ciki shi ne agogo. Kowace takardar shaida tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, don haka in kwanan watan na'ura ya ɓata, sai burauza ta ga duk takardun duniya ba su inganta ba. Masu sayen kwamfutar hannu da aka shigo da ita daga Turai sun san wannan ciwo: ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke riƙe agogo ya mutu, kwamfuta ta koma shekarun baya, kowane shafi ya fito da jan gargaɗi cewa maƙiya na iya satar bayananka. Maganin batir ne na 'yan kuɗi kaɗan.

Ita kanta ƙwaƙwalwa tana da nata rabon. Bonnie Anderson da Anthony Vance da abokan aikinsu a Jami'ar Brigham Young sun sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suna nuna musu gargaɗi, suka ga sashen da ke kula da gani yana rage aiki sosai tun daga karo na biyu. Ido na kallo, amma hankali ya riga ya ce na san wannan. A asibitocin Amurka abin har kisa yake yi. Hukumar Joint Commission mai tantance asibitoci ta faɗa a 2013 cewa kashi 85 zuwa 99 cikin ɗari na ƙarar na'urorin jinya ba sa buƙatar a yi komai, ta kuma lissafa aukuwa 98 masu nasaba da ƙararrawa tsakanin Janairu 2009 da Yuni 2012, waɗanda 80 daga cikinsu suka ƙare da mutuwa.

Alamar kwantar da hankali ma tana yaudara. Ɗan kwadon nan da ke gefen adireshin shafi yana nufin abin da ke tafiya tsakanin waya da shafin a rufe yake, wani na tsakiya ba zai karanta ba. Bai ce mai shafin mutumin kirki ne ba, kuma 'yan damfara ma suna samun kwadon. Hukumar FBI ta yi gargaɗi a kan haka a 2019. Binciken Google na 2021 ya nuna kashi 11 cikin ɗari ne kacal suka gane ainihin ma'anarsa, kuma a Satumban 2023 kamfanin ya cire kwadon daga Chrome.

WhatsApp ya ishi misali. Sanarwar da ke cewa lambar tsaronka da wane ta canza tana tayar wa mutane hankali, har a riƙa tambaya a zaure ko an yi wa wane kutse, alhali yawanci sabuwar waya ya saya ko ya sake sauke manhajar. Saƙon da ya kamata a ji tsoro kuwa ba shi da launi ko ƙara. Lambobi shida ne da ke shigowa ta tes, sai wani ya bugo da ladabi, ya ce, "Ranka ya daɗe, taron ƙungiya za a yi ta waya, karanto min lambar da ta shigo maka don in saka sunanka." Wanda ya karanta ya miƙa asusunsa, kuma kafin magariba 'yan uwansa sun fara samun roƙon bashi da sunansa.

Ɓarawo ya fi mai gida iya bayani

Saƙon gaskiya yakan bar mutum a tsaye ba tare da ya san inda zai nufa ba. 'Yan damfara sun lura da wannan giɓi, suka cike shi. Saƙonsu ba ya zaurance. Yana faɗin abin da ya faru, ya faɗi abin da za a rasa, ya nuna maɓallin da za a danna.

A shekarun 2000 wani kamfani mai suna Innovative Marketing, mai babban ofishi a Yukren, ya riƙa watsa tallan da ke kwaikwayon binciken kwamfuta, ya ƙirgo wa mutum bairos na ƙarya, sannan ya sayar masa da maganin bogi irin su WinFixer. Hukumar kula da ciniki ta Amurka, FTC, ta kai ƙara a 2008, ta ce an yaudari mutum sama da miliyan ɗaya, kuma a 2012 kotu ta yanke hukuncin biyan sama da dala miliyan 163. Jikokin wannan dabara su ne shafukan da ke faɗowa a waya suna girgiza ta, suna cewa bairos huɗu sun kama ta, batir na lalacewa, saura minti biyu. Shafin intanet ba shi da ikon bincika cikin waya haka. Hoto ne da agogon ƙarya.

Wani salon shi ne a kwaikwayi shuɗin allon Windows a saka lambar waya a ƙasa. Shi shuɗin allo na gaskiya, duk da ban tsoronsa, Windows ce ke tsayar da kanta don kada ɓarna ta yaɗu, kuma ko Bill Gates bai tsira daga gare shi ba: ya faɗo masa a gaban jama'a a bikin baje koli na Comdex a Chicago, Afrilun 1998, ana tsakar nuna Windows 98. Microsoft ta sha nanata cewa saƙonninta na kuskure ba sa ɗauke da lambar waya. Duk da haka rahoton FBI na 2023 ya nuna an yi asarar sama da dala miliyan 924 ta hanyar damfarar masu gyaran bogi, kuma tsofaffi ne suka fi shan wuya. Ranar 19 ga Yuli 2024, da wani gurɓataccen sabuntawa daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya jefa kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 cikin shuɗin allo, ya tsayar da jirage da bankuna da asibitoci, ba a kwana ba shafukan bogi masu tallan magani suka fara tsirowa, har hukumomin tsaron intanet na Amurka da Birtaniya suka yi shela.

Wani lokaci ma ba a buƙatar manhaja, tsoro kaɗai ya isa. A 2002 wata wasiƙa ta zagaya duniya ta imel tana cewa a duba kwamfuta, in an ga fayil mai suna jdbgmgr.exe mai hoton 'yar tsana, bairos ne, a goge. Kowa ya duba ya gani, don fayil ne na Windows da Microsoft ta saka da kanta. Ganin ya zama hujja, mutane suka goge, suka kuma tura wa abokai. Sabon salon da ya bazu tun 2024, wanda masu bincike suka laƙaba wa ClickFix, ya ɗauki wannan darasi. Shafi zai nuna kuskuren ƙarya, ko ya ce a tabbatar mutum ne ba inji ba, sannan ya jero matakai uku masu sauƙi: danna wannan, liƙa wannan, danna wancan. Wanda ya bi, da hannunsa ya shigar da umarnin da zai buɗe wa ɓarawo kwamfutar. A Najeriya tes ɗin nan mai cewa an rufe BVN ɗinka, kira wannan lamba, ɗan gidan ne. Banki ba ya neman lambar sirrin kati ta waya, amma saƙon ɓarawon ya fi takarda mai lamba 91 sauƙin fahimta nesa ba kusa ba.

Saniyar da ta faɗi ba ta mutu ba

Ba a rasa sanin gyara ba. Tun 1994 Jakob Nielsen ya sa shi cikin ƙa'idojinsa goma na tsara manhaja: saƙon kuskure ya zo da harshen mutane, ya faɗi matsalar daidai, ya nuna mafita. Aikatawa ce ke da wuya. Tawagar Felt ta sake rubuta gargaɗin Chrome da kalmomi masu sauƙi, kuma a rahotonta na 2015 ta amsa cewa ba ta cimma burin sa mutane su fahimce shi ba. Abin da ya yi aiki shi ne fasali: aka fito da maɓallin komawa baya ƙarara da launi, aka ɓoye na kutsawa a ƙarƙashin wani ƙaramin rubutu, sai ƙarin kusan kashi 30 cikin ɗari suka zaɓi juyawa. Matsalar agogo kuma aka ware mata nata saƙon, mai cewa agogonka ya yi baya ko ya yi gaba, ga inda za ka gyara.

Sai batun harshe. An fara samun Facebook da Hausa a 2016, amma na'urar POS da saƙonnin banki da galibin gargaɗin waya har yanzu da Turanci ko Faransanci suke zuwa. Fassara kalma da kalma ba za ta warware ba, don zaurance in an fassara shi zaurance ne. Maƙwabta sun nuna wata hanya. Lokacin da Ibrahima Sarr, ɗan Senegal, ya jagoranci mayar da Firefox zuwa Fulatanci, masu fassarar sun nemi kalmar da za ta bayyana manhaja ta tsaya cak ta rufe kanta, sai suka ɗauko hookii, wadda makiyaya ke faɗa idan saniya ta faɗi amma ba ta mutu ba. Ƙarewar wa'adin jira kuma suka kira ta honaama, wato kifi ya kuɓuce. Makiyayin da ya ga kalmar farko ya san girman abin da ya same shi, ya san kuma za a tashi.

Tambayar Alhaji ma tana da amsa a rubuce, sai dai ba a inda zai gani ba. Tun Yunin 2020 Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade wa'adi: in ATM na bankinka ya cire bai ba ka ba, kuɗin ya dawo nan take, ko cikin awa 24 in sai an yi da hannu, in ATM na wani banki ne, awa 48, cinikin POS ko na intanet da ya maƙale, awa 72. Takarda mai lamba 91 ba ta ambaci ko ɗaya ba. Abin da ke jikinta shi ne kwanan wata, da lokaci, da lambar na'ura, da wata doguwar lamba mai gurbi 12 da ake kira RRN, wadda da ita ake bin sawun cinikin in an je banki. Shi ya sa gogaggen mai rumfa ba ya barin a yar da ita. Yakan miƙa ya ce, "Hajiya, ɗauki hotonta da waya tukuna." Takardar da zafi ake buga ta, ba da tawada ba, kuma in ta daɗe a aljihu a tsakiyar bazara, rubutun dishewa yake yi.